Littafin Garinmu, Ta Hannun Baƙi

Jama'a, abin da zan ba ku labari yau har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

'Yata Ummi makarantar boko ta cinye mata Hausa. Tana ji, tana yi, amma ka miƙa mata littafin Hausa sai ta riƙa in'ina kamar mai koyon baƙi. Ni kuwa ina budurwa a ƙarƙashin filo na karance Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na sha kuka saboda Rabi da 'ya'yanta. Na so Ummi ta san Rabi. Sai na ji ashe Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

A 2022 na zauna a falona a Kawaji na nemo shi a wani babban kantin intanet. Ga hotonsa, ga kuɗinsa, har na jefa a kwando. Ina rubuta Najeriya sai jan rubutu ya fito: wai ba sa aiko wannan kaya inda nake. Ikon Allah! A Kano aka rubuta shi, rigimar gidan Kano ce a ciki, amma mutumin Landan ya fi ni kusa da shi.

Na samu wani kantin da ya yarda, sai dai kuɗin aikowa ya ninka na littafin. Na ce na ji na gani. Kati kuma ya ƙi, don a shekarar bankuna sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata. (Maigidan dariya ya yi ta yi, wai a kan littafi nake huci kamar an hana ni gado.)

Ƙarshe ɗan yayata da ke karatu a Ingila na roƙa. Wata biyar na jira kafin ya zo hutu, ya zaro shi daga tsakanin takalma.

"Umma, wai wannan ne kika hana ni sakat a kansa?"

Kwana biyu Ummi ta gama. Da safe ta same ni a kicin idanunta jawur, ta ce, "Mama, ina na Hausar? Ke za ki karanta mini."

Nawa tuni 'yan aro sun tafi da shi. Sau biyu ke nan ina zuwa Sabon Gari wajen masu littattafai, kowa sai ya ce in dawo wani satin.