Ɗan Karen Rami

A ƙasar Ingila akwai wani ɗan kare mai suna Jak Rasal. A shekarar 1819 wani limamin coci, Jon Rasal, ya fara kiwon irinsa, don ya riƙa shiga rami yana koro yanyawa. Hali zanen dutse ne: har yau, da ya hango zomo sai ya ruga, ba ya jin kira. Mota na iya take shi.

Shi ya sa mai shi ba ya saurin sakinsa. Da doguwar igiya yake fara horon shi. Ya kira sunansa. In ya zo, ya ba shi ɗan nama. Kullum haka, wata da watanni. Duka kuwa ƙara gudu yake sa shi. Ko ya horu, ba a kwance shi a bakin hanyar mota.