Daga Kano Zuwa Saye, Inda Ake Binciken Tarin Fuka

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya kama hanyar Zariya, yakan ratsa fadamun shinkafa na Kadawa, ya bi ta Kwanar Dangora da Tashar Yari, kafin ya isa ƙauyen Saye da ke gefen Zariya, inda cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta take. Abin da ya kai marubucin can shi ne ganin yadda ake gane cutar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano ƙwayarta a 1882, amma har yau take cin rayuka a ƙasar Hausa.

A ɗakin gwaje-gwaje, hankalinsa ya tsaya kan na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Ana haɗa kakin majinyaci, wato majinar da ya taro daga ƙirji, da wani ruwan sinadari, a zuba cikin ɗan ƙoƙon roba, sai na'urar ta riɓanya ƙwayoyin gadon cutar har su yi yawan da za a shaida su, ta ba da sakamako cikin kimanin awa 2. A da, madubin likita aka dogara da shi, wanda sau da yawa cutar kan ɓuya masa idan ƙwayoyin ba su da yawa, shuka kakin a kwalba kuwa yakan ɗauki makonni. Babbar fa'idar na'urar a ganin marubucin ita ce tana nuna ko cutar ta bijire wa rifampicin, jigon magungunan wata 6 da ake ba masu tarin, domin wanda aka ɗora kan maganin da ba ya yi masa aiki, jinya yake yi a banza, yana kuma yaɗa cutar ga iyalinsa.

A hanyar dawowa, ƙananan asibitocin bakin titi suka sa ya sake auna lamarin. Na'urar tana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa da ɗaki mai sanyi, shi ya sa galibi a manyan garuruwa ake girka ta, kakin mutanen karkara kuwa 'yan babur ne ke kai shi cikin akwatin sanyi. Idan babur ya makara, ko sakamako ya kwana a hanya, awa 2 ɗin nan takan koma kwanaki ga mai tari da ke jira a ƙauye.