Abin Da Tudu Ya Ci, Gangara Ba Ta Biya

Ƙasar Suleja ƙasa ce ta tudu da kwari. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 a bakin Kogin Iku duwatsu ne suka yi masa ƙawanya, babbansu kuwa shi ne Dutsen Zuma da ke kusa da Madalla. Saboda haka mai keke a nan, ko ɗan makaranta ne ko mai kai burodi ƙauye a kan tsohuwar Raleigh, ya san cewa hawan tudu shi ke tona asirin mahayi.

A cikin wasannin tseren keke akwai wanda ake kira tsere da agogo. Akan saki mahaya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kuma ba a yarda wani ya fake bayan wani don ya tare masa iska ba. Wanda ya kai da ƙarancin lokaci shi ya ci. To, a irin wannan tsere saurayi mai jini a jika yakan ce wa kansa, in tudu ya cinye masa lokaci ai ya fanshe a gangara. Lissafi bai goyi bayansa ba. In ya hau tudun kilomita 1 da gudun kilomita 10 a awa, ya kashe minti 6. In ya sauko da gudun kilomita 40 a awa, minti ɗaya da rabi ke nan. Watau kashi huɗu cikin biyar na lokacinsa a hawa ya tafi. Kazalika a gangara iska ce ke shanye yawancin ƙarfin da ya ƙara, amma a hawa kusan duk abin da ƙafa ta bayar yakan koma gudu.

Shi ya sa gwani yakan ɗan ƙara ƙoƙari a tudu fiye da na miƙaƙƙiyar hanya, amma da awo. Yakan sassauta giya tun sarƙa ba ta yi nauyi ba, ya zauna daram a sirdi yana juya feda da sauri daidai wa daida. Ba ya miƙewa tsaye sai inda hawan ya yi tsanani, don tsayuwa na cin numfashi. Wanda ya afka wa gindin tudu da dukan ƙarfinsa, kafin tsakiya cinyoyinsa sun ɗauki wuta. Sa'an nan kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne: gwani ba ya sakin feda don ya ga ƙoli, sai ya tura keken ya haye, gudu ya kankama, kana ya sarara.

Duniya ta ga misalin wannan ranar 19 ga Satumba, 2020, a babbar gasar zagaya Faransa. Ana saura kwana ɗaya a gama, Primoz Roglic yana gaban Tadej Pogacar da daƙiƙa 57. Aka yi tsere da agogo na kilomita 36, wanda ya ƙare da hawan dutse na kusan kilomita 6. A gindin dutsen kowannensu ya sauya keke, ya ɗauki mara nauyi. Pogacar, yaro ɗan shekara 21, ya biya bashin nan har ya ci gasar da ratar daƙiƙa 59. A 2025 kuwa aka kawo gasar duniya birnin Kigali na Ruwanda, karo na farko a Afirka, ƙasar da ake yi wa kirari da mai tuddai dubu.

Jama'a, tuddan da ake renon gwanaye a kansu ga su nan a ƙofar gida. Abin takaici, babur ya kori keke daga zukatan samari, manyan motoci kuma sun mallake hanyar Kaduna, har uba ba ya sakin jiki ɗansa ya hau ta. Lalle ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Neja da makarantun Suleja su keɓe wata hanya mai hawa, ko da safiyar Asabar ce, a tsayar da motoci, a sami mai riƙe agogo. Mai kai burodin nan ya riga ya iya rabin darasin. Saura a gwada shi.