Bakin Hoto

Bara da rani na tafi Mirya, kimanin kilomita ashirin gabas da Damagaram, domin tattara kalmomin maginan tukwane saboda wani aiki da aka ba mu a darasin ma'anar kalmomi. Ban sha wahalar neman mai ba ni bayani ba, domin kakata ta wajen uwa a cikin yumɓu ta tsufa. Kwana huɗu na yi zaune gabanta da alƙalami da takarda, tana gini tana yi mini tsiya irin ta kaka da jika, wai maigidanta ya je jami'a ya dawo bai san bambancin tulu da randa ba.

Ranar da zan komo na ɗauke ta hoto da wayata. Tana zaune a ƙasa da tsohon zanen aiki, yumɓu har gwiwar hannu, tukwane jere a bayanta suna shan iska. Hoton ya yi mini kyau ƙwarai. Da na iso birni na ɗora shi a Facebook, na rubuta sunanta da garinta da sana'arta a samansa, abokai suka yi ta yabo. Ban tambaye ta ba kafin in ɗora, kuma a lokacin ko a raina ban ga abin tambaya ba.

Bayan mako uku kawuna ya kira ni, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Hoton ya iso masa ta WhatsApp daga wani abokin kasuwancinsa. An yanke tukwanen da ke bayanta, an bar tsohuwa zaune a ƙasa cikin laka, an haɗa da wani saƙo mai cewa ambaliya ta rushe mata gida, ba ta da ɗa ba ta da jika, ga lambar da za a aika taimako. Har yau ban san wanda ya yi wannan aiki ba. Abin da na sani shi ne hoton ya kewaya har ya komo Mirya, mata suka fara shigowa gida suna yi mata jaje.

Da na je, ba ta ce mini maigida ba. Cewa ta yi, "Malam, ka zo?" Wanda ya san wasan kaka da jika ya san nauyin wannan kalma a bakinta. Ta ce tun tana budurwa take cin guminta, ta aurar da ƴaƴa da kuɗin tukunya, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, sai yau jikanta ya kai ta bara garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Na ba ta haƙuri, na ce ai na rubuta sunanta da sana'arta. Ta ce to ina rubutun ya tafi? Na yi mata bayani cewa rubutun daban yake, hoton daban, wanda ya kwafi hoton ba ya tafiya da rubutun. Ta dube ni ta ce, "Ashe abu ka saki ba baki. Ko tukunya ba a kai ta kasuwa sai an yi mata baki."

Wannan magana ce ta sa na koma na bincika yadda hoto yake yawo a intanet. Duk hoton da waya ta ɗauka yana ɗauke da wani ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: ranar ɗauka, da sa'a, da irin wayar, wani lokaci har da wurin. Amma idan aka aika shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta kuma share wannan bayani. Rubutun da aka yi a sama ko a ƙasan hoto kuwa na shafin ne, a nan yake tsayawa. Saboda haka hoton da ya wuce hannu biyu ko uku ya zama maraya, duk wanda ya tsince shi zai iya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Iyayenmu ba su da wannan matsala sosai. Akwai wani hoton mahaifina da aka ɗauka a Yamai yana saurayi, mai farin gefe da aka yanka kamar haƙoran zarto. A bayansa akwai hatimin mai hoto, a farin gefen ƙasa kuma ya rubuta shekara da hannunsa. Takarda ɗaya ce, duk inda hoton ya je da shaidarsa yake tafiya. Haka ma littattafan malamanmu na zaure: marubuci yakan bar fili kewaye da matani, a nan ake yin hashiya, a nan ɗalibi yake rubuta ma'anar kalma da ajami. A intanet kuwa mutane sun fi sanin gefen hoto a matsayin ado ko dabara. Lokacin da Instagram ya fito a 2010, hoto mai tsawo da faɗi daidai kaɗai yake karɓa, har zuwa 2015, shi ya sa masu hoto suka riƙa ƙara farin fili a gefe don kada a datse musu aiki.

Yanzu ga yadda nake yi wa duk hoton da zan saki. Ina ajiye na asali ban taɓa shi ba, in yi aiki a kan kwafi. Ina amfani da GIMP, manhajar kyauta ce da ke aiki a kwamfuta ko babu intanet. Ina rage faɗin hoton zuwa ɗigo 1080, sannan in faɗaɗa filin da yake zaune a kai, yadda gefen zai fito daga waje ba tare da ya ci komai daga jikin hoton ba. Sama da dama da hagu ina ba su ɗigo 30, ƙasa kuma 150, domin a nan rubutu zai zauna: wane ne, a ina, yaushe, me yake yi, wa ya ɗauka. Rubutun baƙi ne a kan fari, mai ɗan kauri, domin matsewar da manhajoji ke yi tana dagula siraran haruffa, musamman masu launin ja. A ƙarshe ina kewaye duka da siririn layi mai ruwan toka, saboda farin gefe yakan ɓace a kan farin shafi.

A nan na ci karo da wata riba da ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Kowa a cikinmu ya taɓa aika rubutu da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, ya isa wata waya ya koma ƙananan akwatuna. Rubutun da aka yi a gefen hoto kuwa ya zama wani ɓangare na hoton, yadda aka rubuta shi haka kowa zai gan shi. Abin da ake bukata kawai shi ne zaɓen haruffan da suka san ƙugiya, kamar Charis ko Andika na SIL, ko Noto na Google, waɗanda har alamar karin sauti da ta tsawon wasali suna ɗauka. Sai dai wannan riba da hasararta: injin bincike ba ya kama irin wannan rubutu yadda yake kama na shafi, kuma manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba lalle ta karanta shi ba. Don haka ina maimaita bayanin a rubutun shafi ma.

Saura suna. A nan Nijar mukan ce kadir, daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce firam, daga Ingilishi, amma duka biyun sun fi tuna wa mutum katako da gilashi a jikin bango. Iyaka ta yi kama da zancen gona ko ƙasa. Gefe bai nuna kewayewa ba. Kalmasa ta tela ce, kuma naɗe bakin tufa ake yi a cikinta, alhali mu ƙari muke yi. Ni dai na tsaya a kan kalmar kakata. Muna cewa bakin zane, bakin rijiya, bakin kogi, muna kuma cewa wane ya yi baki, ko a ji ta bakinsa. Kalma ɗaya ta haɗa ƙarshen abu da maganarsa, kuma aikin da nake so gefen hoto ya yi ke nan. Wanda yake da wadda ta fi ta, shafukan wannan mujalla a buɗe suke. A dai kula da ƙugiya, kada bakin hoto ya koma baƙin hoto.

Ba na ruɗin kaina cewa baki zai hana ɓarawo. Wanda ya yanke tukwane zai iya yanke rubutu. Amma yawancin masu tura hoto ba mugaye ba ne, abin da ya zo musu suke turawa, kuma idan ya zo da bakinsa da shi zai wuce. Mai son yin ƙarya da shi sai ya sa hannu ya yanke da gangan, kuma cikakken yana nan a hannun mutane da za a ƙaryata shi da shi. Abin da baki ba ya iya gyarawa shi ne laifina na farko, wato sakin hoton mutum ba da izininsa ba. Mu da muke fita neman bayanai wurin tsofaffi da masu sana'a, mu riƙa faɗa musu inda hoton zai je da wanda zai iya ganinsa, in sun ƙi mu bari.

Da sallar layya na koma Mirya da hoton an wanke shi a takarda, da bakinsa da rubutunsa. Na karanta mata abin da ke ƙasa kalma bayan kalma, na tambaye ta ko in sake ɗora shi. Ta ce in bari tukuna, in dawo ranar da ta yi wanka ta ɗaura zanen kirki, in ɗauki wani tare da tukwanen duka. Sannan ta juya takardar ta duba bayanta, ta miƙo mini ta ce, "Maigida, ka manta ba ka rubuta kuɗin randa ba."