Bashin Barsu

Mahaifina ne ya raɗa masa Barsu, kuma da maƙwabta yake. A ƙasarmu ta Gobir, in mutum na da magana a ciki wadda ba ya son faɗa wa ɗan'uwa ido da ido, sai ya ɗora wa karensa ita, kullum safiya ya tsaya ƙofar gida yana kwaɗa kira, mai kunne ya ji. Kwikwiyo ne ja mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, Baba ya zo da shi daga wata ruga a shekarar da ruwa ya ci su Goronyo, 2010. Da shi ya yi farautarsa ta ƙarshe, da shi kuma ya bar mu a 2018, lokacin da daji ya riga ya fara fita hannun masu neman zomo.

Ni malamin firamare ne, ban gaji farauta ba, karen kawai na gada. Kuma gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba sai a damina ta 2021, bayan an katse layukan waya a yankinmu. A ƙauyenmu na kusa da Burkusuma babu mai iya kiran wani ya ce ga 'yan bindiga nan tafe. Wani dare Barsu ya yi haushin da ban taɓa ji ba, gajere, ƙasa-ƙasa, yana ja da baya har ya shigo ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Muka kwashi yara muka faɗa cikin gero. Ƙarar babura ta iske mu muna kwance cikin kunya, laka har haɓa. Da sati ya zagayo mun koma Sabon Birni, ɗaki biyu na haya, shi kuma aka ɗaure shi bayan gida don mai gidan ba ya son ganinsa.

Tsufa ya kama shi a 2023. Ƙafafun baya suka fara ƙin tashi da safe, gashin bakinsa ya yi fari, kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu. Ranar da ya ƙi tuwo na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya yi fari fat kamar takarda, sai na je wajen wani malamin dabbobi da na sani. Na same shi da layin masu awaki da wani Bafulatani mai maraƙi. Sai da na bari kowa ya watse kafin na faɗi abin da ya kawo ni, da murya irin ta mai neman rance.

Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya zo ya duba, ya ce kaskar ce ta sa masa cuta a jini, akwai allura. Amma ciwon gaɓɓan sai magani na karnuka takanas, wanda shagunan nan ba su ajiyewa. Me zai sa su ajiye? Mai shago abin da ke fita yake sarowa, maganin tsutsar awaki da allurar shanu. Akuya in ta warke akwai kasuwa a gabanta. Ya ce in ina da hali in kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Na yi lissafin a tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta wuce 500. Wane direba zai ɗauki kare cikin fasinja? Sai dai shata. Kuma a yankin da aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021, wa zai ji na ɗauki hanya saboda kare ya ce ina da hankali? Maraɗi ta fi mana kusa, can ma muka saba zuwa, amma an rufe iyaka tun watan Agusta bayan juyin mulkin Nijar.

Na biya kuɗin allurar, na ce wa mai ɗakina zubin adashi ne na makaranta. Ƙarya ta farko ke nan.

Allurar ta yi aiki, jini ya dawo dasashi, sai ƙafafun. Nan ne wayona ya tashi. Na ce ai ciwon gaɓɓai ciwon gaɓɓai ne, na shiga kemis na sayi ƙwayar diclofenac ɗin nan da masu aikin ƙarfi ke sha da yamma, kati guda bai kai kuɗin kwanon gero ba. Ina cusa ɗaya cikin lomar tuwo safe da dare. Kwana uku Barsu ya miƙe da kansa, har ya kaɗa bindi ya bi kaza. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na fara raina masu karatun likitanci. A rana ta biyar na tarar ya yi amai da jini, kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta, yana kwance yana kallona.

Da na koma wajen malamin dabbobi, ya juya katin a hannunsa ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Malam, wanga magani cikin kare yake ci, ya taɓa ƙoda. Da ka tambaye ni." Ƙarin ruwa leda biyu da allurai suka cinye ninki uku na abin da na guje wa. Rabi na biya, rabi ya rubuta mini a bayan littafinsa. Don in haɗa rabin nan na ɗebi gero daga buhun gida na kai kasuwa.

Ashe mai ɗakina tana auna buhunta. Da dare, bayan yara sun yi barci, ta ce, "Malam, adashin ne ya ci gero kuma?" Na faɗa mata komai. Na zaci za ta tuna daren cikin gona ta yi shiru. Ta tuna, amma ba ta yi shiru ba. Ta ce ranar da ƙaramarmu ta yi zazzaɓi kwana biyu na yi ina cewa a dafa mata ganyen darbejiya tukuna, kafin na yarda aka kai ta asibiti. Na buɗe baki in ce wancan ƙarshen wata ne, sai na tuna wannan ma ƙarshen wata ne. Har yau ban samo amsar da zan ba ta ba.

Baffana da ya ji labari cewa ya yi karen bana shi ke maganin zomon bana, in nemi kwikwiyo in huta. Ya ce masu sayen karnuka su yi Filato da su, can kasuwar Dawaki, suna zagayowa. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na nemi mutumin. Ya zo ya tsaya kan Barsu, ya taɓa haƙarƙarinsa da ƙafa, ya ce babu nama, ya taya abin da ba zai biya ko kashi ɗaya cikin huɗu na bashina ba. Na ce ya tafi. Ina so in ce tausayi ne ya hana ni, amma ban san abin da zan yi ba da ya taya da daraja.

Na kai maganar gaban limamin unguwarmu, ina tsammanin faɗa. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ya tuna mini da mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Har na fara sakin jiki, sai ya ƙara da cewa ciyar da iyali wajibi ne, kuma mutumin nan ruwan rijiya ya ɗebo, bai taɓa hatsin matarsa ba.

Daga nan na daina sayen komai. Na shimfiɗa masa buhu biyu a inda rana ke fara sauka. Kullum bayan la'asar ni da ƙaramar muna tsince kaska da hannu muna jefawa cikin gwangwanin kananzir, ita tana ƙirgawa da ƙarfi. In zai yi fitsari sai in zura tsohon zane ƙarƙashin cikinsa in ɗaga bayan, mu taka tare kamar masu ɗaukar tulu. Tuwo ya fi ƙarfinsa, sai kunu. Ban taɓa cewa a dama ba, amma kullum ina tarar da shi a tsohuwar tasa bakin murhu, an bar shi ya huce, mai damawar kuma ba ta ce mini uffan.

Ya mutu cikin sanyin Janairun 2024, da asuba, kafin in fito alwala. Ni da babban yarona muka haƙa rami bayan gari, ƙasar ta yi tauri har sai da muka zuba ruwa. Ragowar bashin malamin dabbobi naira dubu shida ne, na riƙa kai masa dubu-dubu duk ƙarshen wata. Ranar da na kai ta ƙarshe ya buɗe littafin zai soke, sai na ga bai rubuta sunana ba, Barsu ya rubuta.