Ɗigo, Kumfa da Gudaji

Mahaifiyarmu ta shafe shekaru tana matsar man gyaɗa a Maraɗi, kuma da ribar mai da ƙuliƙuli ƙanwata ta kai jami'a a Yamai, inda take karatun ilimin halittu da Faransanci. A hutun da ya wuce, bayan sallar isha'i, Inna ta dube ta ta ce, "Ke dai kullum kanki a takarda. Yau gaya mini abin da kike karantawa."

Ƙanwata ta fara, kalma biyu Hausa, uku Faransanci, har ta yi shiru. Inna ta juyo gare ni: "To, malamin Hausa, fassara mini." Ni ma na rasa ta cewa. Ba ta yi faɗa ba, ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki. Kunyar daren nan ce ta zaunar da mu kwana uku muna farautar kalmomi.

Wasu sun zo da sauƙi. Jiki an gina shi da ƙwayoyin halitta. A cikin ƙwaya akwai cibiya, ma'ajiyar sinadarin gado, wato DNA. Cibiyar tana da tantani da ya kewaye ta, kamar na ƙwai. Wuyar tana cikin cibiyar, domin a can akwai wurare da ke aiki dabam-dabam alhali babu tantanin da ya raba su. Mafi girmansu shi ne nukiliyol, wanda muka raɗa wa suna ƴar cibiya. A nan ake harhaɗa ribozom, injinan da ke ƙera furotin. To, me ya hana ƴar cibiya watsewa?

Ƙanwata ta ba ni tarihin. A 2009, a birnin Dresden na Jamus, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman da abokan aikinsu sun nuna cewa wasu ƙwayoyi da ke cikin ƙwan wata ƙaramar tsutsa suna gudana, suna haɗewa, suna narkewa kamar ruwa. A 2011 suka ga irin haka a ƴan cibiyoyin ƙwan kwaɗo: idan biyu suka taɓa juna sai su zama ɗaya, mulmulalliya. A 2012 ɗakin binciken Michael Rosen a Amurka ya nuna dalili. Wasu furotin suna da hannaye da yawa, kowane hannu riƙonsa sako-sako ne. Su kama juna, su kama RNA, su saki, su sake kamawa. Idan ba su da yawa, suna warwatse. Da zarar yawansu ya haura wani mizani, sai su ware gefe guda su dunƙule, amma ba su daskare ba.

Sai muka tsaya kan suna. Na ce kumfa. Ta ce a'a, kumfa iska ce a ciki, wannan kuwa ya fi abin da ke kewaye da shi kauri. Na ce gudaji. Ta ce gudaji ba ya gudana. Muka koma kan ɗigo, ko da yake a kunnen Bahaushe ɗigo abu ne mai faɗowa, kamar daga indararo. Muka yarda mu faɗaɗa masa ma'ana, ya ɗauki abin da ke shawagi a cikin ruwa.

Rana ta huɗu Inna tana kaɗa miya, mai ya taso a kai. Ƙanwata ta durƙusa kusa da murhu ta ce, "Inna, dubi man nan. Wa ya yi masa shinge?" Inna ta ce, "Babu. Halinsa ne ba ya shiga ruwa." Ta ce, "Ki motsa shi." Ta sa ludayi, man ya tarwatse ƙanana-ƙanana, jim kaɗan ya sake haɗuwa. "To haka ƴar cibiya take. Idan ƙwaya za ta rabu biyu sai ta watse, bayan an rabu ta sake taruwa."

Ƙanwata ba ta bari misalin ya wuce gona da iri ba. Ta bayyana cewa ɗigon cikin cibiya ba mai ba ne, furotin ne da RNA, kuma akwai ruwa a cikinsa. Furotin na shiga suna fita ba tsayawa, kamar masu cin kasuwa: taron yana nan, mutanen na sauyawa. Amfaninsa shi ne tara ma'aikata da kayan aiki wuri guda ba tare da an gina bango ba.

Inna ta yi shiru, sannan ta yi tambayar da ba mu shirya mata ba: "Man shanu yana daskarewa da hunturu. Wannan fa?" Ƙanwata ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce a 2015 an nuna cewa ɗigon wani furotin mai suna FUS yana iya sandarewa idan ya daɗe, kuma sauye-sauyen gado da ake samu a wasu masu cutar ALS, mai shanye jijiyoyin motsi, suna gaggauta hakan. Inna ta ce, "Ashe ya yi gudaji ke nan." Kalmar da muka yar ta samu gurbinta, kuma ba mu muka ba ta ba.

Ga abin da na rubuta a littafina, domin ɗalibai ƴan'uwana: tantani ga fatar da ke kewaye cibiya, ɗigo ga taron furotin mai gudana, warewa ga yadda yake samuwa, gudaji ga wanda ya sandare. Ban ce su ne na ƙarshe ba. Wanda ya samu mafi dacewa ya kawo. Amma ya fara gwada su a gaban wanda bai je lakwal ba, kamar yadda aka tilasta mana.

Da ƙanwata za ta koma Yamai, Inna ta cika mata kwalba da man gyaɗa, ta ce ta kai wa malaminsu.