Nawa Ne Lita A Wajenku?

Mu mutanen Aboabo idan baƙo ya sauka mana daga Kano ko Maraɗi, bayan an tambaye shi gajiyar hanya da lafiyar mutanen gida, tambayar da ke biyo baya ita ce nawa ake sayar da mai a wajensu. Ba son surutu ba ne. Yawancin gidajenmu ba a rasa direban tirotiro, ko yaro mai tuƙa pragya, ko ɗan kasuwa da kayansa ke bisa lori, don haka kuɗin fetur kuɗin cefanenmu ne.

Shekaru da yawa amsar mutanen Nijeriya takan sa mu yi shiru. A watan Nuwamba na 2022, lokacin da sidi ya faɗi ƙasa warwas, mun sayi lita ɗaya sama da sidi 17, su kuwa a Kano farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. In aka juya kuɗin, namu ya ninka nasu sau uku ko fiye. Sai ka ji ana cewa, to mu ma ai muna da mai, tun 2010 ake haƙo shi a rijiyar Jubilee, ina amfaninsa?

Amma fa lambar da ke jikin famfo ba ta faɗin wanda ya biya ragowar. Arhar Nijeriya gwamnati ce ke cike gurbinta da kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta, sa'an nan baƙon da ya ba mu labarin arhar shi ne kuma zai ba mu labarin kwana a layin gidan mai. A 2012 da Shugaba Jonathan ya janye tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik da yajin aiki, aka dawo 97. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta kai wajen naira 500.

Mu nan Gana tun 2015 gwamnati ta sakar wa kamfanoni farashi, ana duba shi duk bayan mako biyu. Mafi yawan man da muke sha tatacce ake shigo da shi, da dalar Amurka ake biya, ga haraji iri-iri a kan kowace lita. Wato wanda ke son sanin kuɗin mai na jibi, ya fara tambayar masu canji nawa dala take yau. In mai ya tashi, ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta ƙara kuɗin mota, mai koko ta rage ludayi. In ya sauka kuwa, ludayin ba ya saurin komawa yadda yake, wannan kowa shaida ne.

Abin da ya fi ba mu tunani shi ne Nijar. Suna da matatarsu ta SORAZ a Damagaram tun 2011, gwamnati ce ke yanke farashi, har a 2024 ta rage shi daga sefa 540 zuwa 499. Duk da haka shekara da shekaru mutanen Maraɗi da Ƙonni man kwalba suke sha, na 'yan ruwa-ruwa da ke tsallako da shi daga Nijeriya. Da arhar Nijeriya ta ƙare, man kwalba ya ja baya, kowa ya koma gidan mai, matatar ta kasa ɗaukar nauyin, a watan Maris na 2025 layi ya miƙe a Yamai. Shawarar da aka yanke a Abuja ta tsayar da babura a wata ƙasa.

Mu ma tana iso mu, ta cikin tukunya. Albasar Galmi da muke saya a Kumasi lorin da ya ɗauko ta ya sha gas a Nijar, ya ƙara a hanya, ya cika tanki a Gana, kuma kowane farashi yana cikin buhun kafin a sauke shi. Shi ya sa mai albasa a kasuwar Aboabo, ko bai taɓa riƙe sitiyari ba, yakan riga direba tambayar baƙo nawa ne lita a Tawa.